Sabis a cike, amma gudun data yana hawa yana sauka: wane ne yake yanke hukunci?

Mai Shago a Daura:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda Allah ya ba sanin harkar sadarwa, kuma ina roƙon a amsa mini da bayanin da mutum irina, wanda bai karanci aikin injiniya ba, zai iya riƙewa.

Ina da shago a cikin garin Daura inda nake cire wa mutane kuɗi da na'urar POS, ina kuma yi wa ɗalibai rijistar jarrabawa ta intanet, saboda haka abincina a kan sabis yake. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, sandunan sabis da ke saman fuskar wayata kusan kullum a cike suke, alamar 4G ma tana nan daram, amma gudun data ba ya tsayawa wuri guda. Bayan sallar Asuba shafi yakan buɗe kafin in ɗauke yatsana, amma daga Magariba zuwa can cikin dare sai hoton fasfo guda ɗaya ya tsaya yana ta juyawa, ɗalibi yana tsaye yana jirana. Na kuma lura cewa idan na fito da wayar daga ƙarƙashin rufin kwano na tsaya a bakin ƙofa, abin yakan ɗan yi sauƙi, alhali sandunan ba su ƙaru ba. A hanyar Katsina ma haka abin yake: ina cikin mota ana gudu, bidiyo yana fitowa tar, can sai ya dushe, a wajen Mashi ya dawo daidai, wani lokaci kuma alamar ta koma H, wani lokaci har E.

Maƙwabcina yana cewa kamfani ne yake rage mana gudu da gangan domin mu ƙara sayen data, wani dattijo kuma ya ce hazon hunturu ne yake toshe sabis. Ni dai abin da nake so in sani shi ne, wane ne yake yanke hukuncin gudun da wayata za ta samu a kowane lokaci, wayar ce ko ƙarfen sabis, kuma da me yake aunawa? Allah ya saka wa wanda ya amsa da alheri.

Ɗan Ƙofar Guga:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ra'ayina ya fi karkata ga na dattijon nan, domin a nan Katsina idan hazo ya sauka sosai, har ba a iya hango Hasumiyar Gobarau daga nesa, mutane da yawa sukan yi kukan sabis, kuma hankali yana ɗaukar cewa ƙurar da ta tare hasken rana za ta iya tare abin da ke tafiya a iska. Sai dai kuma ban cire maganar maƙwabcinka ba, tun da kamfani kasuwanci yake yi, kuma babu wanda yake ganin abin da ke faruwa a cikin na'urorinsa. Ina jiran masana su raba mana gardama.

Injiniya a Ƙofar Kaura:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ƙarfen sabis ne yake yanke hukunci, amma da rahoton da wayarka take aika masa yake yanke shi, kuma a tsarin 4G yana sake yanke shi sau dubu a cikin sakan guda. Saukar gudun da kake gani, mafi yawanta, dabara ce da aka gina da gangan domin kada layin ya katse gaba ɗaya.

Mu fara da sandunan. Abin da suke nunawa galibi shi ne ƙarfin siginar da ke isowa daga ƙarfen da wayarka take jingine da shi, ba sa nuna yawan hayaniyar da ke gauraye da ita. A 4G, ƙarafan kamfani ɗaya da ke maƙwabtaka da juna yawanci a kan zango ɗaya suke watsawa, kamar gidajen rediyo biyu a kan lamba ɗaya, saboda haka abin da ƙarfen unguwar gaba yake aika wa nasa mutanen, a kunnen wayarka hayaniya ce zalla. Abin da ke ƙayyade gudu shi ne fifikon da siginarka take da shi a kan wannan hayaniya, kuma ana iya samun sigina mai ƙarfi wadda hayaniya mai ƙarfi ta rufe, sanduna su cika amma hanya ba ta da tsabta.

Igiyar rediyo tana ɗaukar bayani ne ta hanyar sauya siffarta, wato girman kaɗawarta da kuma inda kaɗawar take farawa, kowace siffa kuma tana wakiltar wasu adadin bit, wanda shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, sifili ko ɗaya. A tsarin da ake kira QPSK siffofi 4 ne kawai, kowace tana ɗauke da bit 2, kuma sun sha bamban da juna ƙwarai, har waya tana iya rarrabe su ko da hayaniya ta yi yawa. A 16QAM siffofi 16 ne masu bit 4, a 64QAM siffofi 64 masu bit 6, daga baya kuma aka ƙara 256QAM mai bit 8. Iya yawan siffofin iya yawan bayanin da ke wucewa a lokaci ɗaya, amma kuma iya kamanceceniyarsu da juna, ta yadda 'yar hayaniya kaɗan takan sa waya ta ɗauki wannan siffa a matsayin ta kusa da ita.

Abu na biyu da ake sauyawa shi ne yawan kariyar da ake lulluɓe saƙo da ita. Ana ƙara wasu bit waɗanda ba saƙonka ba ne, aikinsu kawai su taimaka wa wayar ta gano kuskure ta gyara shi da kanta. Ka ɗauki mai kai tukwanen ƙasa kasuwa a amalanke: idan hanya shimfiɗaɗɗiya ce sai ya jera tukwane da yawa da 'yar ciyawa kaɗan a tsakaninsu, idan kuwa hanyar gargada ce dole ya cika ciyawa ya rage tukwane, domin gara kaɗan su isa lafiya da a ce da yawa su isa a fashe. Amalanken bai ƙaru ba bai ragu ba, rabon da ke tsakanin kaya da kariya ne ya sauya.

To, ta yaya ƙarfen yake sanin halin hanya, alhali shi yana can sama, kai kana cikin shago? Yana watsa wasu sigina na gwaji waɗanda kowace waya ta riga ta san yadda ya kamata su kasance. Wayarka tana saurarensu, ta auna irin lalacewar da suka yi kafin su iso, sai ta mayar da maki tsakanin 0 da 15, wanda a takardun aiki ake rubuta shi CQI. Ma'anar makin ita ce: wannan ne mataki mafi girma da zan iya karɓa ba tare da kuskure ya wuce ƙunshin saƙo 1 cikin 10 ba. Daga maki 1 zuwa 6 QPSK ne, daga 7 zuwa 9 16QAM, daga 10 zuwa 15 kuma 64QAM, a cikin kowane rukuni kariya tana raguwa yayin da maki yake hawa. Ana iya saita waya ta riƙa aika wannan rahoto kowane milisakan 2, ko kuma a tsawaita har zuwa kowane milisakan 160, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Tazarar da ke tsakanin ƙasa da sama ita ce za ta ba ka mamaki. A zango mai faɗin megahaz 20, ƙarfen yana da gurabe 100 da yake rabawa a kowane milisakan. Idan ya ba waya ɗaya dukkansu a mataki mafi girma na 64QAM, tana samun kimanin megabit 75 a sakan ta hanya ɗaya, ninki biyu kuma idan hanyar ta yi kyau har ana iya aika saƙo biyu a lokaci guda ta eriya biyu. Idan kuwa ya ba ta gurabe 100 ɗin nan a mataki mafi ƙanƙanta, abin da za ta samu bai kai megabit 3 ba. Ƙarfe ɗaya ne, zango ɗaya ne, kuma sandunan suna iya zama iri ɗaya a idonka.

Daga nan za ka gane abin da ke faruwa da kai bayan Magariba, domin abu biyu ne suke haɗuwa. Jama'a sun koma gida sun buɗe wayoyinsu, gurabe 100 ɗin nan ana raba su tsakanin mutane masu yawa, wannan kowa yana iya hasashensa. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne, ƙarafan maƙwabta su ma sun cika da aiki, suna watsawa ba ƙaƙƙautawa, hayaniyar da ke faɗowa kan wayarka ta ƙaru, makinta ya sauka, sai ya zamana kason da ka samu ya ragu, kuma kowane gurbi a cikin kason yana ɗaukar bayani ƙasa da na safe. Da Asuba kuwa maƙwabtan kusan shiru suke. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tura hoto daga Ƙofar Soro ranar Hawan Sallah ya ga ƙarshen wannan lamari da idonsa.

Game da maganar maƙwabcinka, gaskiya ne akwai wasu tsare-tsaren data da ake rage wa gudu idan mutum ya wuce wani adadi, kuma wannan a rubuce yake a cikin sharuɗɗan tsarin. Amma ragewa irin wannan ba ta san safiya da yamma ba, ba ta kuma san cikin shago da bakin ƙofa ba. Alamomin da ka lissafa na hanyar rediyo ne.

Malamar Fiziks, Ƙofar Marusa:

Allah ya ƙara ilimi, Injiniya. Zan ɗora a kan wurare biyu da bayanin bai kai ba, wato batun mota da batun hazo.

Sigina ba ta isowa waya ta hanya ɗaya. Wata takan zo kai tsaye, wata ta bugi rufin kwano ta dawo, wata ta bugi katanga ko jikin tirela ko tankin ruwa, dukkansu su haɗu a eriyar wayar, kowace da ɗan jinkirinta. Inda kaɗawarsu ta zo ɗaya sai su ƙarfafa juna, inda ta saɓa sai su kashe juna, kuma tazarar da ke tsakanin wuri mai kyau da wuri maras kyau sau da yawa ba ta wuce rabin tsawon igiyar ba. A zangon megahaz 1800 tsawon igiya kimanin santimita 17 ne, a 900 kimanin 33, a 2600 kuma bai kai 12 ba. Saboda haka, Malam, matsar da na'urar POS ɗinka da taƙi ɗaya a kan kanta yana iya sauya makin da take aikawa, kuma wannan ba camfi ba ne.

Yanzu mu shiga mota. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a sakan, wato kusan santimita 3 a kowane milisakan. Tsakanin lokacin da waya ta auna hanya, ta aika rahoto, da lokacin da ƙarfe ya yi aiki da rahoton, milisakan da dama sukan wuce. Idan muka ɗauki 8 a matsayin misali, motar ta riga ta matsa fiye da santimita 20, ta wuce tsawon igiya guda a zangon 1800, rahoton kuma yana siffanta wurin da wayar ta riga ta bari. Mai tafiya da ƙafa a cikin wannan lokaci bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba, shi rahotonsa yana nan da amfaninsa. Wannan ne ya sa ƙarfe yakan yi wa mai gudu taka-tsantsan, ya dogara da matsakaicin hali maimakon rahoton ƙarshe, ya zaɓar masa mataki na ƙasa. Ga kuma sauya ƙarfe da wayar take yi a hanya, ga wuraren da 4G bai kai ba tsakanin garuruwa, inda take komawa H ko E, wato 3G ko 2G, kamar yadda ka gani.

Tun da rahoto yana iya yin kuskure, an tanadi abin da zai tare ɓarakar. Duk ƙunshin da aka aiko, wayar tana amsawa ko ya iso lafiya ko bai iso ba. Idan ya lalace ba ta zubar da shi, tana ajiye shi, ƙarfe ya sake aikowa bayan kimanin milisakan 8, ta haɗa na farko da na biyu, sau da yawa kuma lalatattu biyu sukan ba da lafiyayye ɗaya. Ƙarfen ma yana ƙidaya waɗannan amsoshi: idan ya ga ƙorafi ya yi yawa sai ya san wayar tana yabon hanya fiye da kima, ya rage mata mataki, idan ya ga babu ƙorafi ko kaɗan sai ya ɗaga. Wannan wuri yana burge ni ƙwarai, kuma ina yawan tsayawa a kansa a aji, domin ɗalibai sukan ɗauka cewa tsari mai kyau shi ne wanda babu kuskure a cikinsa sam. A nan da gangan ake neman kuskuren 1 cikin 10 a aikowar farko, saboda wanda bai taɓa yin kuskure ba alama ce yana tafiya ƙasa da abin da hanyar za ta iya ɗauka. Tun a 1948 Claude Shannon, wani masanin lissafi a Amurka, ya nuna cewa kowace hanya tana da iyakar bayanin da za ta ɗauka, gwargwadon faɗin zangonta da fifikon sigina a kan hayaniya, duk wannan hawa da sauka kuwa ƙoƙari ne na matsowa kusa da iyakar a daidai lokacin da ita kanta take motsi.

Ɗan'uwa na Ƙofar Guga, hujjarka ta hasken rana tana da ma'ana, sai dai haske igiyarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kusan daidai da ƙwayar ƙura, shi ya sa ƙura take tare shi. Igiyar da ta kai santimita goma zuwa talatin kusan ba ta san da ƙurar ba, asarar da hazo yake jawowa tsakanin ƙarfe da waya ba ta taka kara ta karya ba. Abin da hunturu yake iya yi daban ne: a daren sanyi, idan iska mai sanyi ta kwanta ƙasa mai ɗumi tana samanta, sigina takan lanƙwaso ta yi tafiya mai nisa fiye da yadda aka tsara, ta zama hayaniya a garin da ba nata ba. Ruwan sama kuwa yana da tasiri na gaske, amma a kan fararen faifan nan da ake gani a jikin ƙarfe, waɗanda suke haɗa ƙarfe da ƙarfe, domin da yawansu suna aiki a sama da gigahaz 10. Su ma sukan sauko da matakinsu idan ruwa ya yi ƙarfi, duk wanda ke ƙarƙashin wannan ƙarfe kuma ya ji a jikinsa.

Mai Shago a Daura:

Injiniya da Malama, Allah ya saka muku da alheri, na fahimci abin da ban taɓa ji ba. Sai dai bayanin Malama ya tayar mini da wata damuwa. Idan ana sake aiko ƙunshin da ya lalace, kuma ana ƙara bit na kariya idan hanya ba ta da kyau, shin duk wannan a cikin datata ake cirewa? Wato wanda yake zaune inda sabis ba shi da tsabta datarsa ta fi saurin ƙarewa ke nan? Sannan ina roƙon a faɗa mini abin da zan iya gyarawa daga ɓangarena, tun da ba ni da ikon matsar da shago.

Injiniya a Ƙofar Kaura:

Hankalinka ya kwanta, Malam. Ba a ƙarfe ake ƙidayar data ba, a can cibiyar kamfani ake ƙidaya ta, a mashigar da ke haɗa ka da intanet, abin da ake ƙidayawa kuwa shi ne saƙon da ya wuce ta wannan mashiga. Bit na kariya da maimaicin da ake yi tsakanin ƙarfe da waya duk a ƙasa da wurin ƙidaya suke faruwa. Inda asara take shigowa shi ne idan layin ya yanke har ka sake ɗora fayil daga farko. Hasali ma sau da yawa mai sabis mai kyau ne datarsa ta fi saurin ƙarewa, domin manhajojin bidiyo irin su YouTube suna da nasu hawa da saukar: idan suka ga hanya a buɗe sai su jawo hoto mai nauyi, idan ta ƙuntata su jawo mai sauƙi, wanda shi ne dushewar da ka gani a mota.

Abin da mai zama a wuri maras kyau yake biya shi ne lokaci da batir. Ƙarfe yana watsawa da gomman wat, wayar 4G kuwa iyakarta kashi ɗaya cikin biyar na wat guda. Idan hanya ta yi wuya ƙarfen yakan umarce ta ta ɗaga murya har ta kai wannan iyaka, daga nan babu abin da ya rage sai a rage mata gurabe da mataki. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin ɗora hoton fasfo aikawa ce daga gare ka zuwa ƙarfe, wato ɓangaren da ya fi rauni, sandunan kuwa ɓangaren saukowa kaɗai suke nunawa.

Shawarata ita ce ka daina dogara da sanduna, ka koma duba lambobi. A yawancin wayoyin Android za ka ga ƙarfin sigina a cikin saiti, wajen bayanin layi, akwai kuma manhajoji kyauta da ke nuna lambobi biyu, RSRP da SINR. Ta farko ƙarfi ce, tana zuwa da alamar ragi: kusa da -80 yana da kyau, ƙasa da -110 ya yi rauni. Ta biyu ita ce fifiko a kan hayaniya: sama da 20 madalla, kusa da sifili kuwa wahala. Ka zagaya shagon da yamma, lokacin da abin ya fi tsanani, ka nemi inda ta biyun ta fi girma, ko da ta farkon ta ɗan ragu. Wani lokaci gefen bangon da ya kare ka daga ƙarfen maƙwabta ya fi tsakiyar fili. Idan kana da hali ka sayi rauta mai karɓar eriyar waje, ka ɗaura eriyar a saman kwano tana fuskantar ƙarfe ɗaya, domin eriya mai fuska tana ƙara wanda kake so, tana kuma rage waɗanda ba ka so.

Tsohon Mai Gyaran Ƙarafa, Daura:

Na yi aikin kula da ƙarafan sabis tun farkon shigowar GSM ƙasar nan a 2001, kuma ina tabbatar wa ƙanena mai shago cewa abin da aka faɗa masa haka yake. Wannan dabara ta girmi 4G. E ɗin da yake gani a hanyar Katsina, wato EDGE, matakai 9 gare shi, daga kilobit 8.8 zuwa 59.2 a kowane gurbin lokaci. Murya ma haka ce: akwai tsarin matse murya mai matakai 8, daga kilobit 4.75 zuwa 12.2, wanda idan hanya ta ɓaci yake rage ingancin murya ya mayar da ragowar wurin ga kariya, shi ya sa wani lokaci muryar mai kiranka takan canza ta yi kauri amma kiran bai yanke ba. A GSM rahoton awo kowane milisakan 480 yake zuwa. 3G na farko ya bi wata hanya, yana gyara ƙarfin watsawa sau 1500 a sakan domin gudu ya tsaya wuri guda, sai da H, wato HSPA, ya zo aka koma barin gudun ya bi halin hanya kowane milisakan 2, kuma a kan wannan ra'ayi 4G da 5G suka ɗora.

Amma ina da ja a kan yadda za a iya fahimtar maganar Injiniya. Kada bayanin nan ya zama wanke kamfanoni. Na'ura tana yin iya ƙoƙarinta da hanyar da ta samu, amma mutane ne suke yanke shawarar yawan ƙarafa, da inda za a kafa su, da faɗin zangon da za a kunna, da yadda za a karkata eriya don kada ta yi wa maƙwabciyarta kutse. Ku duba lissafin da ya kawo da kansa, megabit 75 da abin da bai kai 3 ba: mutumin da ke gefen gari, domin ya sauke fayil ɗaya, yana iya cin guraben da suka ninka na mutumin da ke gindin ƙarfe fiye da sau ashirin, kuma daga rabon kowa ake ɗebo su. Saboda haka unguwar da ta faɗaɗa ba a ƙara mata ƙarfe ba tana jawo gudun cikin gari ma ƙasa. Daura ta yau, da sababbin manyan makarantu da ɗalibansu, da taron Sallar Gani, da masu wucewa zuwa Mai'adua da Kongolam ranar kasuwa, ba ita ce Daurar da aka yi wa awo shekarun baya ba.

Idan ka samu lambobin nan biyu, ƙanena, ka riƙa rubuta su safe da yamma tare da sunan unguwarka, ka kai wa kamfaninka ƙorafi da su, domin injiniyan da ke duba yankin zai iya gane ko cunkoso ne ko kutse ne ko eriya ce ta karkace. Ka karɓi lambar ƙorafin ka adana, idan ba su yi komai ba ka kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a lamba 622, wadda kyauta ce, ka ba su ita.